Kafin ka ɗaga diga, wa ya nuna maka taswira?



A daminar bara wani maƙwabcina lebura ya karɓi aikin haƙa ramin masai a bakin wani gida. Bai kai ƙugu ba digarsa ta sami tiyon ruwa. Unguwa ta kwana uku pampo babu ko ɗigo, mata na sayen ruwan garuwa da tsada, shi kuma aka ce sai ya biya gyara. Kuɗin sun fi abin da yake samu a wata biyu. Na tambaye shi: wa ya gaya maka akwai tiyo nan? Ya ce ba kowa. Babu allo, babu alama, mai gidan ma bai sani ba.

Ga ra'ayina, kuma shi ne matsayin jam'iyyarmu: wanda ya binne abu cikin ƙasa shi ke da nauyin bayyana inda yake. Kama talaka da laifin fasa abin da aka ɓoye masa zalunci ne.

Ƙarƙashin garuruwanmu na iyaka ya cika. Ga tiyon ruwa, ga wayar fibar da ke ɗauke da rezo da intanet a gefen manyan hanyoyi, ga wayar wuta a wasu wurare. Tun 2011 akwai bututun mai daga Agadem zuwa matatar Soraz ta Damagaram, sama da kilomita 460. A watan Satumba 2019 kuma aka ƙaddamar da aikin wani mai kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya ƙetare wajen Gaya zuwa gaɓar teku a Benin. Ba sama ya bi ba, ta gonakinku ya bi, inda kuke haƙa rijiyar lambu da ramin bulo. An yi biki, an yi jawabi da Faransanci. Manomi nawa aka zaunar aka gaya wa da Hausa: daga nan zuwa nan kar ka haƙa, kar ka dasa itace, kar ka yi gini?

Fasa tiyon ruwa asarar kuɗi ce, fasa bututun mai kuwa asarar rai. A 1998 wutar bututun mai ta ci ɗaruruwan mutane a Jesse, kudancin Najeriya, yawancinsu sun je ɗiba ne da bokiti. Mu ma a watan Mayu 2019 mun binne mutum fiye da 50 bayan tankar mai ta yi bindiga kusa da filin jirgin Yamai. Allah ya jiƙansu.

To, kafin a gyara, ka tsare kanka. Bakin titi da gefen hanya filin hukuma ne, ba a haƙa su sai da izinin ma'aikatar magajin gari. Je ka nemi izinin, kuma ka dage a ba ka a rubuce, don ranar rigima takarda ce za ta yi maka magana. Ko cikin gidanka ne, dubi inda kwantar ruwa da ta wuta suke, ka auna da ido hanyar da suka bi daga titi. Kusa da wurin ka ajiye diga, ka yi da shebur a hankali.

Akwai wani abu da leburorinmu da yawa ba su sani ba. A ƙa'idar aiki, ana shimfiɗa ragar roba mai launi kamar taƙi ɗaya bisa abin da aka binne: ja ta wuta ce, shuɗiya ta ruwa, koriya ta wayar sadarwa, rawaya ta gas da mai. In ka ci karo da ita, ko ka ga rairayi mai laushi a tsakiyar jar ƙasa, tsaya nan. Sai dai kar ka dogara da raga, don wani ɗan kwangilar ya ci kuɗinta bai shimfiɗa ba. In kuwa ƙaddara ta faɗa, kar ka taɓa wayar da ta yanke, kar ka leƙa bakin fibar da ido, haskenta ba ya ganuwa amma yana lahani. In ka ji warin mai, kashe taba, kar a tada babur, a janye yara, a kira jandarma. Kuma kar ka mayar da ƙasa ka rufe ka yi shiru. Tiyon da ya tsage kusa da masai ƙazanta yake tsotsa ya kai wa maƙwabta cikin randa.

Wannan rabon talaka ke nan. Ga rabon hukuma, kuma shi muka ɗaura wa kanmu. Akwai hukumar kula da filaye ta ƙaramar hukuma, Cofocom. Za mu tilasta wa duk kamfanin da ya binne tiyo ko waya ya ajiye taswirarsa can, kowa ya duba kyauta. Wanda ya nemi izinin haƙa a ba shi amsa cikin kwana bakwai, ma'aikaci ya zo ya shata masa layi a ƙasa. In ba taswira, ba raga, ba alama, kuɗin gyara na kamfani ne. Duk ƙauyen da bututun mai ya ratsa a kafa alluna da Hausa da ajami, a yi shela a rediyon karkara, mai gari ya riƙe lambar da za a kira.

Za su ce maka nuna taswira buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Ɓarawon mai ya riga ya san inda bututu yake, ya ga ranar da aka binne shi. Lebura da manomi ne kawai ke cikin duhu.

Sai batun diyya. Aya ta 28 ta kundin tsarin mulkin 2010 ta ce ba a karɓe wa mutum dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyyar adalci tukuna. Gonar da aka hana ka haƙa rijiya cikinta an rage mata daraja, ko da an bar maka ita kana shuka hatsi. A lissafa wannan.

 Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka da sabulu da turmin zane, ka tambaye shi inda tiyon unguwarku ya bi. Namu suna yawo da wannan alkawari a rubuce, ka ce su sa hannu gaban mai unguwa, ka ajiye kwafi.