Zauren Iyali: Kowace Kalma da Abokiyar Tafiyarta

Masu karatu, a wannan wata muna da magana da iyayen da ke da yara a sakandare ko kwaleji ko jami'a, da su ɗaliban kansu. Sau da yawa yaro ya san abin da yake so ya faɗa, nahawunsa ba laifi, amma takardarsa ta dawo jawur da jan biro. Uba kuwa ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin makaranta. Ina matsalar take?

Mu duba harshenmu tukuna. Mukan ce an ci nasara, an ci bashi, an ci amana. Mukan ce an sha wahala, an sha iska, an sha kashi. Ba wanda ya taɓa cewa ya sha nasara ko ya ci iska, ko da yake nahawu bai hana ba. Kunne ne ya ƙi. Haka Turanci yake, sai dai abokan tafiyar kalmominsa dabam ne da namu. Shi ya sa yaron da ya ɗauko Hausa ya zuba cikin Turanci yakan rubuta "drink medicine", Bature kuwa "take medicine" yake cewa. Ruwan sama mai ƙarfi a wurinsa "heavy rain" ne, watau mai nauyi.

Masana suna kiran wannan zaman tare na kalmomi "collocation". Wani malami Baturen Ingila, Harold Palmer, ya lura da wahalar tun yana koyar da Turanci a Japan, har ya fitar da rahoto a kanta a 1933. Abokin aikinsa A. S. Hornby shi ne ya tsara ƙamusun nan na Oxford na masu koyon Turanci, wanda ya fito a 1948. Watakila akwai tsohon kofensa a cikin akwatinku.

A jami'a abin ya fi tsanani, gama rubutun bincike yana da nasa kalmomin da suka saba tafiya tare. Ba a cewa "make a research". Ana cewa "conduct research" ko "carry out research", kuma ba a sa "a" a gabanta. In an gama bincike ana "draw a conclusion", in sabuwar tambaya ta taso ana "raise a question". Mai so ya nuna shakka a kan maganar wani yakan ce sakamakon ya "cast doubt on" ita. A 2013 wasu masu bincike biyu, Ackermann da Chen, suka tattara irin waɗannan fiye da 2,400 daga rubuce-rubucen ilimi. Kada yawan ya tsorata kowa, ba a hadiye su rana ɗaya.

Akwai wuri guda da muke so ɗalibai su dakata. Ɗalibi ya yi tambayoyi ga mutum talatin a unguwa ɗaya, sai ya rubuta "this proves that", watau ya tabbatar ke nan, ba sauran gardama. Ai mutum talatin ba su isa tabbatar da kome game da jiha guda ba. Abin da ya dace shi ne "the findings suggest that", watau akwai alama. Malamin da ke duba aikin zai ga bambancin nan da nan, kuma a ganinmu yana da gaskiya in ya rage maki, domin ɗalibin ya faɗi abin da ya fi ƙarfin shaidarsa. Ba mu kuma goyon bayan masu cika takarda da manyan kalmomi don burge malami. Kalma ƙarama a mazauninta ta fi wa mai karatu sauƙi.

Ƙannensu na sakandare ma abin ya shafe su. A jarrabawar WAEC, cikin maki 50 na insha'i, 20 suna kan yadda aka faɗi magana. In ba kiredit a Turanci kuwa, ƙofar jami'a a rufe take.

To, me za a yi a gida? A saya wa yaro ƙaramin littafin rubutu. Duk sabuwar kalmar da ya tarar, kada ya rubuta ta ita kaɗai. Ya ɗauko ta tare da kalmar da ke gabanta da ta bayanta, yadda ya gan su cikin littafi. Wanda ya sami hali ya nemi ƙamusun Oxford na irin waɗannan kalmomi, wanda ya fara fitowa a 2002. Gida biyu ko uku ma suna iya haɗa kuɗi su saya. Uwa ko da ba ta jin Turanci tana iya cewa da yamma, "Ɗana, karanta mini biyar na yau, ka gaya mini ma'anarsu da Hausa." In ya kasa fassarawa, bai gane ba tukuna, sai ya koma kansu gobe.