Dokar Wace Ƙasa Ce Za Ta Raba Gardama?

Unguwar Kakuri, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, ta daɗe tana ciniki da ƙetare. Idan kaya suka salwanta a hanya, kotu kan fara da tambayoyi biyu: a ina za a yi shari'ar, kuma da dokar wace ƙasa?

Alƙali yakan bi abin da ɓangarorin suka zaɓa a yarjejeniyarsu. Idan ba su zaɓi doka ba, sai ya nemi ƙasar da cinikin ya fi alaƙa da ita.

A 1987 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar kamfanin Sonnar da masu jirgin ruwa Nordwind, kan shinkafar da aka yi dakonta daga Bankok zuwa Legas. Takardar dakon ta zaɓi kotunan Jamus, amma kotun ta yarda a saurari ƙarar a Najeriya, domin wa'adin shigar da ita a Jamus ya wuce.

Ba kowa ke samun wannan sassauci ba. Duk mai shigo da kayan gyara a Kakuri ya kamata ya yi ciniki kan wannan sharaɗi kamar yadda yake yi kan farashi, domin kuɗin lauya a ƙetare na iya zarce darajar kayan.