Binciken ƙaramar ganga: Ba dole sai da firiji mai tsada ba

A shekarar 2011, masana a cibiyar NIST da ke Boulder, Amurka, sun yi abin da ya ba duniyar kimiyya mamaki. Sun ƙera wata ƙaramar fatar ganga ta alminiyam, wadda faɗinta bai kai kaurin gashin kai ba, suka yi amfani da igiyoyin maikirowef, irin waɗanda Wi-Fi ke aiki da su, suka kwantar da girgizarta har iyakar da dokokin kwantam suka yarda.

Dabarar ita ce, igiyoyin na kai-komo a cikin na'ura suna tura fatar, ita kuma motsinta yana sauya sautin igiyoyin. Da haka ake auna motsin, a kuma rage shi. Vladimir Braginsky ya fara gwada wannan a Mosko tun wajajen 1970.

Sai dai aikin NIST ya buƙaci firiji na musamman mai sanyin kusan digiri 273 ƙasa da sifili, wanda ke amfani da iskar hiliyam-3 mai wuyar samu. Jami'o'i kaɗan ne ke iya ɗaukar nauyinsa.

Shi ya sa nake ganin masu gwada wannan fasaha a zafin ɗaki, da akwatin tagulla da siririyar fata, sun cancanci tallafi. Wasu na raina aikinsu, kuma suna da hujja: zafi hayaniya ne. Gangar da ke kaɗawa sau miliyan 10 a daƙiƙa tana ɗauke da ƙwayoyin girgiza kusan 600,000 a zafin ɗaki, akwatin kansa ma cike yake da hayaniyar zafi. Duk wanda ya ce zai kai ga yanayin kwantam ta wannan hanya, ya yi ƙari.

Amma ba kowace na'ura ce ke neman kwantam ba. Mai son auna ƙaramin motsi, girgizar ƙasa ko sigina mai rauni, na'urar da za ta yi aiki a kan teburi yake buƙata. Ɗalibi ma zai iya haɗa ta da hannunsa, ya koyi ilimin ba tare da jiran biza ba.

Masu ba da kuɗin bincike su auna aikin da wannan mizanin. Kimiyyar da ta tsaya a ɗakunan gwaji ƙalilan na masu hali, hazikai da yawa take bari a waje.