Ku daina ba na ɗaya kaɗai kyauta

Jama'a, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya tun da na dawo gida daga Beljiyam, kuma yau sai na amayar da shi. Tun 2011 da gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawa babur a Maiduguri, keke ya zama abin hawan ɗan makaranta da ɗan kasuwa da lebura. Gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, ga samari masu ƙafa kamar ƙarfe. Amma a tara su a ce tsere, sai ka ga abin takaici: kowa ya fizga da iya ƙarfinsa tun daga farko, kafin a kai Njimtilo rabinsu sun zazzago harshe.

Wai a nan ake cewa yaranmu ba su da horo. Ni ban yarda ba. Laifin na masu shirya tseren ne, waɗanda ke ɗaukar kuɗin kyauta kacokan su damƙa wa wanda ya zo na ɗaya, a ɗauki hoto, a watse.

Mai karatu, tseren keke faɗa ne da iska. Wanda ya lafe a bayan wani yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahalarsa. Shi ya sa 'yan ƙungiya ke karɓa-karɓa: na gaba ya sha iska na ɗan lokaci, ya zame baya, wani ya karɓa. In iskar ta gefe take bugowa, irin ta hunturunmu mai tasowa daga arewa maso gabas, sai su jeru a karkace, duk wanda bai samu gurbi a layin ba an bar shi ke nan. Akwai kuma waɗanda aikinsu kawai ɗauko ruwa da kare jagoransu, su ƙone ƙarfinsu don ya isa mita 200 na ƙarshe da sauran numfashi. A Tour de France mutum 8 ne a kowace ƙungiya, kuma al'ada ce a raba kuɗin kyauta har da makanikai. To don Allah, wane yaron Gwange ne zai sha wa wani iska kilomita 40, alhali ya san ko kuɗin faci ba zai samu ba?

Na faɗa wa wani mai ɗaukar nauyi haka, sai ya ce ai hakan rage wa gwani hakki ne. Gwanin wa? Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci zango 3 da koriyar riga a Faransa a 2024, abokansa ne suka yi ta ratsa masa hanya har bakin layi. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987, Kigali ta karɓi gasar duniya a 2025. Mu kuwa, 'yarmu Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke wajen Jamusawa a Olamfik ɗin Paris. Abin kunya, manyanmu ko a jikinsu.

Ba sabon keke na miliyoyi nake roƙo ba. A yi rajista ƙungiya-ƙungiya, mutum 4 ko 5 daga unguwa ɗaya, Bulumkutu ta kara da Gwange, a lissafa lokacin mutum na uku da ya shigo, a ba ƙungiyar kuɗin su raba. A Asabar biyu kacal yaran za su gano dabarar da kansu, tunda yanzu ma na ga suna laɓewa a bayan Keke Napep a titin Baga ba tare da kowa ya koya musu ba.