A Bar Wa Hanya Nata Rabo

A daminar da ta wuce mun ɗauki wata mai naƙuda a baro daga ƙofar gidanta zuwa bakin titi, domin mota ba ta shiga lungun. Allah ya sauke ta lafiya. Amma tun ranar nake tambaya: wa ya toshe hanyar? Ba gwamnati ba ce. Mu ne.

Kaduna gari ne da aka zana kafin a gina. Da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sun fitar da tituna da magudanan ruwa, ko da yake don jin daɗin kansu suka yi: dokar garuruwa ta wannan shekara ta sa a bar fili yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. A 1967 wani masanin tsarin gari daga Ingila, Max Lock, ya fitar da sabon tsari na shekara hamsin. Takarda ta tsaya a ofis, gari ya yi gaba.

Bayan rikicin 2000 jama'armu da yawa sun ƙaura zuwa kudancin kogi, Sabon Tasha, Romi, Gonin Gora. Mai neman mafaka ba ya jiran safiyo, wannan na gane. To, amma yau shekara nawa? Har yanzu mai gona yakan yanka fuloti ya manne da fuloti, mai saye kuma ya ja katangarsa ta ci taku uku na hanya. Babu kwata, babu filin makaranta, babu inda yara za su buga ƙwallo. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ka gina a kanta, cikin ɗakin maƙwabcinka zai kwana.

Abin da ya fi ba ni kunya, har majami'u suna ciki. Mukan tara baiko mu faɗaɗa gini har bakin titi, ran Lahadi motocinmu su rufe unguwa.

Nehemiya bai aza dutse ko ɗaya ba sai da ya zaga garun Urushalima da dare ya duba. Ina roƙon dattawan kowace ikilisiya, kafin a amince da sabon gini, a kira safiyo da mai unguwa, a auna hanya da magudanar ruwa tukuna, ko da za a rasa layin benci biyu.