Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ayyuka: Wa Zai Biya Kuɗin Hanyar Shiga Kasuwa?

Mai girma Ministan Ayyuka, Sanata David Umahi,

Na rubuto ne a kan wani yanki na aikin titi da ba kasafai yake shiga takardar kwangila ba, wato 'yar tazarar da ke tsakanin babban titi da ƙofar kasuwa.

A Disambar 2017 aka ba da aikin titin Abuja zuwa Kano, mai tsawon kilomita kusan 375, kuma an zuba masa kuɗi, har da kaso daga dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. Duk wanda ya bi daga Zariya zuwa Kano yanzu ya san an yi aiki. Amma ranka ya daɗe, da ma ka tsaya a kasuwar Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya faɗo. Manyan motoci sun cinye gefen kwalta suna jiran lodi, 'yan dako da kwanduna a ka suna ratsa titi a guje, direban da ya taso daga Kaduna kuwa ko sassautawa ba ya yi. Haka lamarin yake a kasuwar Dawanau, bakin hanyar Katsina, inda ake loda riɗi da waken suya da masara. Abin da waɗannan wurare suke buƙata sananne ne: hanyar ratse, filin ajiye tireloli, magudanar ruwa, da gadar masu tafiya a ƙafa.

Da an tayar da maganar sai a ce ai 'yan kasuwa ne masu cin moriya, su haɗa kuɗi su yi. Ban yarda ba. Mutanen nan kullum cikin biya suke: kuɗin rumfa, kuɗin lodi, rasit na ƙaramar hukuma, rasit na jiha, ga na shingayen da ba su da rasit. Tumatirin kuma a kasuwar Mile 12 ta Legas ake sauke shi. Idan ya kwana a hanya ya ruɓe, mai girki a Legas ma sai ta ji a aljihunta.

Akwai tsarin da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wanda kamfani zai gina titi a cire masa kuɗin daga harajinsa. Dangote ya yi titin kankare daga Obajana zuwa Kabba, NNPC kuma ya ɗauki tituna 21 a kan naira biliyan 621 a 2021. Ana yawan magana kamar kyauta aka yi wa ƙasa, alhali harajin da aka cire ɗin asusun tarayya zai shiga, a raba har ƙaramar hukumar Garun Malam, inda Kwanar Gafan take, ta samu nata. Ke nan da kuɗin mai sayar da tumatir a ciki. Sai dai kasuwa ba ta da kamfani guda mai harajin biliyoyi da zai tsaya mata, shi ya sa ƙofar masana'anta take samun kankare, ƙofar kasuwa ta zauna cikin ƙura da taɓo.

Kai injiniya ne, ka fi ni sanin cewa idan nauyin da ke kan tayoyi ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. To me ya sa da aka dawo da karɓar kuɗin hanya a titin Keffi zuwa Makurdi a Fabrairun 2025, ƙaramar mota take biyan naira 500, babbar mota kuma 1,600 kacal? Tirelar siminti da tankar mai su ne masu farfasa kwalta, kuma masu su sun fi kowa ƙarfin biya. A kafa sikeli mai aiki, a caje su daidai nauyinsu, wanda ya wuce ƙa'ida a ci tararsa. Daga wannan kuɗi ya kamata a gina hanyoyin ratse da filayen tireloli.

Jiha da ƙaramar hukuma ma ba su tsira ba. Tunda suna karɓar kuɗin shiga a kasuwannin, magudanar ruwa da hanyoyin ciki nasu ne, kuma a rubuta a allo a bakin kasuwa nawa aka tara, nawa aka kashe.

Roƙona gare ka, kada ma'aikatarka ta sake karɓar titin tarayya daga hannun ɗan kwangila alhali babbar kasuwar da ke bakinsa ba ta da mashiga. A fara da Kwanar Gafan da Dawanau kafin tumatirin rani mai zuwa ya faɗo.

Naka mai fatan alheri,
Wani mazaunin Kano