Ba a fafe gora ranar tafiya: jarrabawar Ingilishi ta intanet

  

A wannan wata za mu ajiye zancen taki da allurar dabbobi. Za mu yi zancen yaranmu da kuɗinmu.

Ran nan mun tashi daga karatu, kowa ya watse, sai wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya. Manomin tattasai ne. Bara ya fara rubuta sunansa da hannunsa.

Ya ce: "Malam, ina da magana."

Na ce: "Bisimilla Baba."

Ya ce: "Yaron nan nawa da ya ci bak yana son ƙarin karatu a ƙasar waje. Ya ce sai ya yi wata jarrabawa ta Ingilishi cikin kwamfuta, in saida tattasai in biya. To ga wani mutum a Difa ya ce in ba shi jika 150, zai kawo mini takardar, ba sai yaro ya wahala ba. Wanne zan bi?"

Na ce: "Baba, kada ka kwance bakin buhu ko ɗaya tukuna. Ka ba ni kwana bakwai."

Sai na tafi wurin mushen da ke koyar da Ingilishi a kaleji. Muka zauna marece biyu, yana bayani ina rubutawa. Ga abin da na samo, don na san ba dattijon nan kaɗai ke da wannan tambaya ba.

INA RUWANMU DA INGILISHI?

Ruwanmu ne. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa su ne harsunan aiki. Banda wannan, in ka tsaya bakin Komadugu a Boso, ƙetarenka Malam Fatori ce, ƙasar Nijeriya, inda ake karatun boko da Ingilishi. Tun 2015 da fitina ta shigo mana, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar Difa, kuma mun ga yadda mai jin Ingilishi yake riga wasu samun aiki.

Harshen ma ba baƙo ba ne sarai. Mota, bokiti, tebur, direba, tikiti, asibiti, duk daga Ingilishi suka shigo bakinmu. Yaranmu kuma suna fara koyonsa tun ajin farko na kaleji.

WACE IRIN JARRABAWA CE?

Jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi a Amurka, Ingila, Kanada da wasu ƙasashe ba sa yarda da faɗar baki. Sai yaro ya kawo shaida cewa yana jin harshen. Manyan jarrabawoyin guda 3 ne. Akwai TOEFL, ta Amurka, an fara ta a 1964. Akwai IELTS, ta Ingila da Ostareliya, an fara ta a 1989. Akwai ta Duolingo, ita ce ƙaramarsu, ta 2016.

Dukansu abu 4 suke aunawa: karatu, saurare, magana da rubutu.

Da can sai mutum ya je babban birni. A 2020 cutar korona ta rufe wuraren jarrabawa, sai aka buɗe hanyar yin TOEFL daga ɗaki, makarantu da yawa kuma suka fara karɓar ta Duolingo, wadda dama daga ɗaki ake yin ta. Wannan sauƙi ne gare mu, don daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300.

Ta Duolingo awa 1 ce. In yaro ya amsa daidai, tambaya ta gaba ta ƙara tsauri. In ya kuskure, ta ɗan sassauta. Haka ake auna shi. Makinta daga 10 zuwa 160 ne, sakamako yakan fito cikin kwana 2. Kuɗinta wajen jika 40 ne. TOEFL kuwa ta haura jika 100. Ba a biya hannu da hannu, da sefa ko da naira. Da katin banki ake biya ta intanet.

Ku riƙe wannan da kyau: sakamakon shekara 2 kawai yake aiki. Bayan nan ya mutu. Wanda ya yi jarrabawa tun bai san inda za shi ba, kamar mai sayen ƙanƙara ne ya ajiye don baɗi.

MAI SAIDA TAKARDA

Yanzu mu koma ga mutumin nan mai neman jika 150. Ɓarawo ne. Ga dalili. Masu jarrabawa su ne ke aika sakamako kai tsaye ga makaranta, ko makaranta ta duba sunan yaro a rajistarsu. Takardar da aka buga a shago, komi kyan hatiminta, in babu sunan yaro can, takardar ƙunsa ƙosai ce.

Wani kuma zai ce shi zai zauna maimakon yaro. Wannan ma ramin ƙarya ne. Kafin a fara sai an ɗauki hoton fuskar yaro da na takardar shaidarsa. Kamara tana kallonsa daga farko har ƙarshe. In an kama, a soke sakamako, kuɗi su tafi, kuma ana iya hana shi sake yi. A ce ma ya tsira. Ranar da ya shiga aji malami ya buɗe baki, wa zai ji masa?

Hanya ɗaya ce, shiri. Mu manoma mun san haka. Ba wanda ke watsa irin tattasai yau ya tsinka gobe. Sai an yi reno, an dasa, an yi ta ban ruwa wata da watanni. Ga shirin daki-daki.

1. A FARA DA TAMBAYA

Matambayi ba ya ɓata. Yaro ya fara sanin makarantar da yake so. Wace jarrabawa take karɓa? Maki nawa take nema? Tana yarda da wadda aka yi a ɗaki? Wace rana take rufe karɓar takardu? Kowace makaranta da dokarta, wata ma ba ta neman ko ɗaya. Wanda ya biya TOEFL alhali ta jika 40 ta isa, ya zubar da kuɗi.

A kuma sani cin jarrabawa ba biza ba ne, ba kuɗin makaranta ba ne. A 2025 ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da ba da biza ta yau da kullum. Saboda haka a binciki hanyar ƙasar da ake nufi kafin a kashe ko dala.

2. A YI RENO KULLUM

Awa 1 kowace rana ta fi awa 10 ran jajibiri. A raba ta huɗu.

Saurare: yaro ya kama labarai da Ingilishi a rediyo, tashoshin Nijeriya suna iso mu. In an gama ya faɗi abin da ya ji, da Hausa ko Barbarci, sannan da Ingilishi.

Karatu: shafi 1 kullum, da ƙamus kusa. Ya rubuta sababbin kalmomi 10 a littafi, kamar yadda muke yi a ajin yaƙi da jahilci.

Magana: nan ne yaranmu suka fi faɗuwa. Sun san dokokin harshen a takarda, amma kunya ta ɗaure musu baki. A jarrabawa za a nuna hoto ko a yi tambaya, agogo yana tafiya, babu mai jira. Maganin shi ne ya ɗauki muryarsa a salula, minti 1 ko 2, yana bayanin abin da ya sani: yadda ake dasa tattasai, yadda ake shayar da shanu a rijiya. Ya saurara, ya gyara, ya sake. Cikin ƴan'uwanmu da suka ƙetaro daga Damasak da Malam Fatori akwai malaman makaranta da waɗanda suka yi karatu. Ya nemi ɗaya su riƙa hira.

Rubutu: layi 10 kullum, mushe ya duba masa ko sau ɗaya a mako.

3. A HORAR DA YATSU

Ba da biro ake rubutun ba, da madannan kwamfuta ne, wadda wasu ke cewa ordinatar. Salula kaɗai ba ta isa ba. Yaron da ya iya Ingilishi amma yana neman baƙaƙe ɗaya-ɗaya, lokaci zai ƙare masa.

Akwai wani tarko a nan. Jerin baƙaƙe iri 2 ne. Na Faransanci, wanda ya fi yawa a ofisoshinmu, layinsa na sama yana farawa da A da Z. Na Ingilishi, irin wanda ke zuwa daga Nijeriya, yana farawa da Q da W. Harafin M ma ba wuri ɗaya yake ba. Yaro ya saba da irin kwamfutar da zai yi jarrabawa da ita, tun da sauran lokaci.

4. A DUBA SUNA

Sunan da aka rubuta wajen rajista sai ya yi daidai da na takardar shaida, harafi da harafi. Mu nan mun san halinmu. Takardar haihuwa ta ce Boukar, ta lakkol ta ce Boucar, yaro kuma ya rubuta Bukar. Harafi ɗaya yana iya hana shi shiga. A ɗauko fasfo ko katin ɗan ƙasa a kwafa yadda yake. A duba kuma ko bai mutu ba. Ga inda karatunmu na yaƙi da jahilci yake da rana: uba da kansa yana iya jera takardun ɗansa ya gwada baƙaƙen.

5. ƊAKI, WUTA DA REZO

Ana son kwamfuta mai kamara da abin ɗaukar murya. Ana son ɗaki mai haske da ƙofa, yaro shi kaɗai. Babu littafi, babu takarda, babu abin toshe kunne. Kada ya riƙa waige-waige. In ƙanensa ya leƙo, ko wani ya yi masa magana ta taga, ana iya ƙin karɓar jarrabawar. Shagon da mutane ke shige da fice bai dace ba.

A cika batir, a tanadi sola ko inji don gudun ɗaukewar wuta. A gwada rezo kwana 3 a jere, a daidai lokacin da za a yi jarrabawa. In na ƙauye yana yankewa, gara a je Difa, tafiyar wajen kilomita 100 daga Boso, a sauka gidan dangi. Amma a je da kwana 2 a gaba, a gwada komi.

6. A GWADA KAFIN A BIYA

Masu Duolingo suna da gwaji na kyauta a intanet, yana nuna wa yaro kimanin inda ya tsaya. Masu TOEFL da IELTS ma suna da tambayoyin gwaji. Dokarmu ita ce: ba a biya sai gwaji ya kai makin da makaranta ke nema, sau 2 ko 3. Dokokin jarrabawa kuma suna sakewa, sai yaro ya karanta su a wurin masu ita, ba a bakin abokai ba.

RABON IYAYE

Wani zai ce: "Ni ban san ko kalma ɗaya ba, me zan iya?" Kana iya da yawa. Ka ɗauke wa yaro ban ruwa ko kiwo na awa 1. Uwa ta ɗauke wa ƴarta talla da daka na awa 1, don ƴan mata ma suna ci in an ba su fili. Ka ce ya nuna maka littafinsa, ka ƙidaya kalmomin, ka duba kwanan wata. Ranar jarrabawa ka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ka hana kowa shiga.

Da kwana bakwai suka cika na koma wurin dattijon, na karanta masa abin da na rubuta. Muka sa yaron ya yi gwajin kyauta a kwamfutar mushe. Karatu ya yi kyau. Da aka zo magana sai bakinsa ya ɗaure. Makin bai kai ba.

Yaro ya sunkuyar da kai. Uban ya ce: "Alhamdu lillahi da muka gani a gida. Tattasai yana nan a rumbu, ba ya gudu."

Suka yanke wata 4 na shiri. Yanzu kullum bayan la'asar za ka ga yaron a gindin bedi da salula, yana yi wa kansa bayanin noman tattasai da Ingilishi. Mutumin Difa kuwa ya aiko sau biyu, ba a amsa masa ba.

Ƴan'uwa, a karanta wannan a aji da majalisa, a karanta wa wanda bai iya ba. Mai tambaya ya rubuto da hannunsa, ko da layi 2 ne, ya ba malamin ajinsu ya iso da ita.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Naku, malamin yaƙi da jahilci, Boso.